Andrew Foster: kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

A 'yan shekarun nan injiniyoyi a ƙasashe daban-daban na ta ƙoƙarin ƙera mutum-mutumin da zai iya yi wa kurame magana da hannu. A 2014 kamfanin Toshiba na Japan ya nuna wata mutum-mutumi mai siffar mace, wadda ke kwaikwayon wasu alamomi na maganar hannun Japanawa. Bayan 'yan shekaru kuma, ɗalibai a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam suka fito da wani hannun roba mai yatsu biyar, wanda in an rubuta kalma a kwamfuta sai ya harhaɗa ta da yatsunsa, baƙi bayan baƙi.

Ranar da irin waɗannan na'urori za su iso makarantun kurame na Ghana, Najeriya, Kamaru ko Cadi, tambayar farko da za a yi ita ce: da wane harshe za su yi magana? Maganar hannun da ake koyarwa a yawancin makarantun waɗannan ƙasashe daga Amurka ta samo tushe, duk da cewa Ingila da Faransa ne suka yi musu mulkin mallaka. Dalilin haka yana komawa ne ga mutum ɗaya, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka mai suna Andrew Jackson Foster, wanda ya shafe shekara 30 yana buɗe makarantun kurame a Afirka, har ya rasu a bakin aikin.

Sanƙarau yana ɗan shekara 11

An haifi Foster ranar 27 ga Yuni, 1925, a unguwar Ensley ta birnin Birmingham, jihar Alabama, a kudancin Amurka. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. An haife shi yana ji yana magana kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 11 cutar sanƙarau ta kama shi tare da ɗan'uwansa. Dukansu biyu sun rayu, amma suka tashi ba sa ji.

Mutanen yankin Sahel ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan cuta. Daga Senegal zuwa Habasha, lokacin rani da bazara ne take ɓarkewa, kuma a annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Idan ƙwayar cutar ta kai can cikin kunne, takan lalata sashen da ke karɓar sauti, kuma abin da ya lalace a nan ba ya dawowa. Shi ya sa da yawa daga cikin kuramen da ke garuruwan Hausa ba da kurumta aka haife su ba, ragowar wata annoba ce. A zamanin da ta kama Foster, ko a Amurka ba a fara amfani da maganin fenisilin a asibitoci ba.

A Alabama ta wancan lokaci doka ta raba baƙi da farare a makaranta, da mota, da asibiti, kuma rabon bai tsallake kurame ba. An kai Foster makarantar kurame da makafi ta baƙar fata da ke garin Talladega, inda karatun bai wuce matakin farko ba. A nan ya koyi maganar hannu. Da ya ga babu hanyar ci gaba, sai ya tafi birnin Detroit na jihar Michigan tun bai kai shekara 20 ba, ya zauna wurin wata 'yar'uwar iyayensa. Yana aikin ƙwadago da rana, yana karatu da dare. Ya sami takardar shaida a fannin lissafin kuɗi da harkar kasuwanci, sannan ya kammala sakandare ta hanyar karatun da ake aika wa mutum ta gidan waya. Yana da kusan shekara 26 ya riƙe takardar da wasu ke samu suna da 18.

A Detroit ɗin ne kuma ya duƙufa ga addininsa na Kirista, ya ƙudurta cewa zai yi aikin mishan a Afirka, cikin kurame irinsa.

Digiri uku cikin shekara biyar

A 1951 ya shiga Kwalejin Gallaudet da ke birnin Washington, wadda aka kafa tun 1864 domin ilimin kurame mai zurfi. Ya gama a cikin shekara uku, ya fita a 1954 da digiri a fannin koyarwa, kuma shi ake lissafawa baƙar fata na farko da ya sami digirin farko a kwalejin. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Bai tsaya nan ba. A 1955 ya sami digiri na biyu a fannin ilimin masu buƙata ta musamman a kwalejin da yanzu ake kira Jami'ar Eastern Michigan, sannan a 1956 ya ƙara wani a fannin aikin mishan a Kwalejin Seattle Pacific.

Duk da waɗannan takardu, ƙungiyoyin mishan da ya nema su tura shi Afirka sun ƙi karɓarsa. Baƙi ne, kuma kurma. Shugaban Gallaudet na lokacin, Leonard Elstad, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwa. A 1956 Foster ya kafa ƙungiyarsa a Detroit, wadda daga baya aka san ta da suna Christian Mission for the Deaf. Ya bi coci-coci da tarukan kurame yana neman gudummawa, har ya tara abin da zai kai shi.

Aji na aro a Accra

Ya isa Ghana a 1957, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Lissafin da masu tarihin ilimin kurame ke kawowa ya nuna cewa a lokacin makarantun kurame kusan 12 ne kacal a duk nahiyar, kuma yawancinsu suna arewacin Afirka ne da Afirka ta Kudu. A tsakanin waɗannan kusurwoyi biyu, yaron da ba ya ji sai dai ya tashi a gona, ko kiwo, ko dako, ko bara. Wasu iyayen ma ɓoye shi suke yi don kunya. Ko jami'an gwamnati da yawa ba su yarda cewa akwai kurame masu yawan da za a buɗe wa makaranta ba, balle a ce za su iya koyon karatu.

Foster ya sami aron aji a wata makarantar cocin Presbyterian da ke unguwar Osu a Accra, birnin da Hausawan zango ke kira Ankara. Sai an tashi 'yan makarantar na yau da kullum sannan nasa ɗaliban su shiga. Da ɗalibai 12 ya fara. Kafin a jima labari ya bazu, iyaye suka riƙa kawo 'ya'yansu daga nesa, har da manyan da ba su taɓa riƙe alli ba. Ajin aro ya kasa ɗaukarsu. A 1959 aka mayar da makarantar garin Mampong da ke kan tsaunukan Akuapem, ta zama ta kwana. Har yau Mampong ce cibiyar ilimin kurame a Ghana.

Babbar hujjar da Foster yake da ita a gaban iyaye da jami'ai shi kansa ne. Ga kurma tsaye da digiri uku, yana rubutu da Ingilishi, yana tafiyar da makaranta. Uban da ya zo da shakka a kan ɗansa yakan koma da wani tunanin.

A 1959 ɗin ya halarci babban taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na Jamus, inda ya haɗu da wata Bajamushiya kurma mai suna Berta Zuther. Ta biyo shi Afirka domin aikin, suka yi aure a Najeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar. Tare suka riƙa koyarwa da tafiyar da makarantu.

Hannu ko leɓe

Domin a gane abin da Foster ya kawo, sai an koma ga wata tsohuwar gardama. A ƙarni na 18 wani limamin coci a birnin Paris, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makaranta inda yake koyar da kurame da alamomin hannu. A 1816 wani kurma da ya fito daga wannan makaranta, Laurent Clerc, ya bi Thomas Gallaudet zuwa Amurka, suka buɗe makarantar kurame a garin Hartford a 1817. Daga cuɗanyar alamomin Faransa da na kuramen Amurka ne maganar hannun Amurka ta fito.

Sai dai a 1880 wani taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, ya yanke shawarar cewa a daina koyarwa da hannu. A tilasta wa yaro ya karanci leɓen malami, ya kuma yi ƙoƙarin furta sautin da bai taɓa ji ba. Wannan ra'ayi ya mamaye Turai kusan shekara 100, kuma a makarantu da yawa har horo ake yi wa yaron da aka kama yana magana da hannu. Matsalar ita ce sautuka da yawa kamanninsu ɗaya ne a leɓe, wasu kuma a cikin baki ake yin su, ido ba ya ganinsu. Yaro sai ya ƙare shekaru yana koyon furta 'yan kalmomi, lissafi da sauran darussa sun wuce shi.

Foster ya ɗauki hanyar haɗa komai: alamomin hannu, harhaɗa baƙaƙe da yatsu, rubutu, zane, da furuci ga wanda zai iya. Burinsa shi ne ma'ana ta isa ga yaro ta kowace ƙofa. Bai rasa masu adawa ba. A Ghana kanta, bayan ya mayar da hankalinsa wasu ƙasashe, tsarin koyarwa da leɓe ya sami rinjaye a makarantun kurame na tsawon shekaru, kafin a dawo da hannu. Amma yaran ba su daina magana da hannu a ɗakunan kwana da filin wasa ba, kuma ta haka harshen ya rayu.

A daidai lokacin, wani malami a Gallaudet mai suna William Stokoe ya wallafa bincike a 1960 da ya nuna cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta. Kowace alama tana da siffar hannu, da wurin da ake yin ta, da motsi. Bincike na baya ya ƙara da inda tafin hannu ke fuskanta, da rawar da fuska ke takawa: ɗaga gira kaɗai na iya mayar da zance ya zama tambaya.

Daga Ibadan zuwa ƙasashen Faransanci

A 1960 Foster ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan a farkon shekarun 1960 ya buɗe wasu a Kaduna da Enugu. Ibadan ce ta zama hedikwatarsa. Tun da wuri ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ya mayar da hankali ga horar da malamai daga cikin kuramen kansu. Tsarinsa shi ne ya nemo matasa masu ƙwazo, musamman waɗanda suka kurumce bayan sun fara karatu, ya horar da su, su koma ƙasashensu su riƙe aji. Mafi hazaƙa a cikinsu ya nema musu hanyar zuwa Gallaudet. Seth Tetteh-Ocloo na Ghana yana cikin na farko, kuma ya zama jigo a ƙungiyar kuramen ƙasarsa. A Najeriya akwai Gabriel Adepoju da Ezekiel Sambo, waɗanda suka dawo gida suka yi aiki a ilimin kurame, na farko a jihar Kwara, na biyu a Jos. A 1970 Gallaudet ta ba Foster digirin girmamawa na dakta.

A shekarun 1970 ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya buɗe makaranta a Abidjan a 1974, sannan Togo, Cadi, Senegal, Benin, Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka biyo baya. Daga nan aikin ya kai Burkina Faso, Gabon, Burundi da Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Malaman waɗannan ƙasashe a Ibadan ake tara su a yi musu horo na 'yan watanni.

A wannan horo ne wani sabon abu ya faru. Alamomin da Foster ya zo da su na Amurka ne, amma yaran da za a koya wa da Faransanci za su yi karatu. Sai aka riƙa daidaita alamomin. A maganar hannun Amurka, alamar ruwa ana yin ta ne a haɓa da siffar baƙin W, wato farkon kalmar ruwa a Ingilishi. A ajin Faransanci sai aka mayar da siffar ta koma E, farkon kalmar ruwa a Faransanci, motsin baki ma ya bi Faransanci. Da tafiya ta yi tafiya, aka ƙara alamomin gida na abinci, tufafi da garuruwa. Wannan ne harshen da masu bincike, irin su Nobutaka Kamei ɗan Japan, ke kira maganar hannun Afirka mai amfani da Faransanci. Sakamakon haka, kurman da ya yi makaranta a Douala ko Kwatano yakan fi saurin fahimtar takwaransa na Ibadan ko Kumasi a kan na Paris. Iyakar da ta raba masu ji tsakanin Ingilishi da Faransanci ba ta raba kuramen yankin sosai ba.

A ƙarshe an lissafa masa makarantu kusan 32 a ƙasashe 13. Makarantun mishan ne, ana koyar da Littafi Mai Tsarki tare da karatu da lissafi da sana'a, kuma bai taɓa ɓoye cewa wa'azi na cikin manufarsa ba. Da yawa daga cikinsu daga baya gwamnatoci suka karɓe, malaman da ya horar kuma suka shiga makarantun gwamnati da ke karɓar yaran kowane addini.

Abin da ake sukarsa da shi

Kafin zuwan Foster kuramen Afirka ba su zauna shiru ba. A ƙauyen Adamorobe, da ke gindin tsaunukan Akuapem, ba nisa da makarantarsa ta Mampong, akwai tsohuwar maganar hannu da kurame da masu ji suka daɗe suna amfani da ita. A Bamako akwai tasu. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, da kurame ke gada daga manyansu a kasuwa da majalisa. Wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Cikin abin da ta lura da shi har da cewa masu ji da yawa a Kano sun san wani abu na wannan magana, suna ciniki da hira da kurame ba tare da tafinta ba.

Sukar da masana harshe ke yi ita ce, da alamomin Amurka suka zama harshen makaranta, sai na gida suka koma abin rainawa, ana ganinsu na wanda bai yi boko ba. Yaro ya je makaranta ya dawo da harshen da iyayensa da tsofaffin kuramen unguwarsu ba su sani ba. Wasu ƙananan harsunan hannu na ƙauyuka yanzu suna fuskantar ɓacewa. Masu kare Foster kuma na cewa ya yi aiki ne da abin da ke hannunsa, a lokacin da babu ƙamus ko ɗaya na maganar hannun Afirka, kuma abin da ke takara da shi a makarantu shi ne haramta hannu ɗungurungum. Har yau ƙungiyoyin kurame a yankin na tattauna yadda za a riƙe harshen makaranta ba tare da an yar da na gida ba.

Tafiyar ƙarshe

A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa suka koma Amurka da zama, shi kuma ya ci gaba da kai da komowa, yana neman kuɗi a can, yana zagaya makarantu a nan. Ranar 3 ga Disamba, 1987, ya shiga wani ƙaramin jirgin sama da zai nufi Kenya. Jirgin ya faɗi a kusa da garin Gisenyi na ƙasar Ruwanda, Foster ya rasu yana da shekara 62. Matarsa Berta ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayansa. A 2004 Jami'ar Gallaudet ta sanya sunansa a wani babban ɗakin taro nata, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar kurame baƙar fata ta Amurka.

Abin da ya rage wa na baya

Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta ƙiyasta cewa akwai kurame sama da miliyan 70 a duniya, masu amfani da harsunan hannu fiye da 300, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara domin waɗannan harsuna. Na'urorin da ake ƙerawa yau kaɗan ne daga cikin harsunan suka taɓa, domin na'ura tana koyo ne daga tarin hotunan bidiyo na masu yin harshen, kuma harsunan hannu na Afirka ba a naɗi da yawa daga cikinsu ba. Hannun roba kuma ba shi da gira ko fuska, alhali wani ɓangare na nahawun a nan yake.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan sauƙin ganewa. Hannun da ke harhaɗa kalma baƙi bayan baƙi yana amfanar wanda ya riga ya iya karatu ne kawai. Yarinyar da sanƙarau ya kurumta a wani ƙauye na Maraɗi ko Garwa, wadda ba a taɓa kai ta aji ba, ko an ajiye mata na'urar a gabanta ba abin da za ta ɗauka. Allurar rigakafin sanƙarau da aka fara yi a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ta rage wani nau'i na cutar ƙwarai, amma sauran nau'o'in na nan, haka ma ƙyanda da ciwon kunnen da ba a yi wa magani ba. Yara na ci gaba da rasa ji, makarantun da za su karɓe su kuma galibi a manyan birane suke, malamai ba su wadata ba.

Likitoci da malamai sun yi ittifaƙi cewa shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da yaro ya fi kama harshe, na baki ne ko na hannu. Iyayen da suka lura ɗansu ba ya juyowa idan an kira shi, musamman bayan zazzaɓi mai tsanani, ya kamata su kai shi a duba kunnensa, su kuma nemi makarantar kurame ko ƙungiyar kurame mafi kusa tun yana ƙarami. A yawancin ƙasashen yankin akwai irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma in an bi salsalar malamansu, sau da yawa takan kai ga wani da ya zauna a ajin Foster a Mampong ko Ibadan.